Toka a Cikin Tumbi

Ranar da aka fara kunna mana sabuwar wuta a kicin ɗin makaranta, sai da na yi guɗa. Ni Delu, da furfurata da jikokina, na kama hanci na rangaɗa ta har malamai suka leƙo daga ofis suna tambayar wa aka haifa. To ina laifina? Shekara talatin da ɗoriya ina dafa wa 'yan matan makarantar kwanan nan ta wajen Faskari abinci, ban taɓa ganin wuta ta kama ba sai na durƙusa mata. Yau ga ta shuɗiya shar, ba itace, ba mafici, ba hayaƙi. Ka murɗa ɗan makunni, ka ƙyasta ashana, sai ka ji fuu! Kuma wai duk daga kashin shanu. Allah mai iko.

Malam Lawal ne ya yi aikin, wani injiniya ɗan Sabuwa, siriri, mai yawan dariya. Da bazara suka haƙa rami a bayan kicin, suka gina shi kamar rijiya, suka yi masa rufi kamar kifaffiyar ƙwarya, suka ja bututu har gindin tukwanenmu. Da ya ga mun tsaya muna kallonsa baki buɗe, sai ya ce, "Inna, kin san tumbin saniya ko? To shi ne wannan. Kullum ku dama masa ɗanyen kashin shanu da ruwa, ku ɗura masa ta wancan bakin. Shi zai narkar da abinsa, iskar da ya fitar da ita za ku yi girki." Asabe, abokiyar aikina, ta ce, "Wato da gyatsar saniya za mu tuƙa tuwo?" Muka kwashe da dariya. Tun ranar sunansa ya zama Tumbi, har Hajiya shugabar makaranta haka take kiransa.

Murnata ta fi ta kowa, don ni da dalilina. Idanuna sun soma tafiya. Da rani na je wurin likitan ido a Kankara, ya haska, ya sake haskawa, ya ce, "Inna, hayaƙi ya ci rabonsa. In kika ƙara damina ɗaya a bakin murhun itace, to ki fara neman ɗan jagora." Ɗana ya rubuta mini takardar barin aiki, na kai wa Hajiya ba da son raina ba, don ni ban san wata rayuwa ba in ba kicin ɗin nan ba. Ta karanta, ta jefa a aljihun tebur. Ta ce, "Inna Delu, mu yi haka. In Tumbi ya riƙe mu har ƙarshen damina, kina nan. In aka koma itace, ni da kaina zan sa hannu, ba zan ɗauki alhakin idonki ba." Na ce na yarda.

Ƙarshen damina ta ce, ni kuwa abu guda kunnena ya ji: marka. Kowa da abin da yake tsoro. Ni markar watan takwas ce, kuma tun shekarata ta biyu a aikin nan nake tsoronta.

A lokacin kicin ɗin rumfar langa-langa ce kawai, gefe uku a buɗe. Murhu biyar, kowanne duwatsu uku manya, a kansu rabin durom. Shugabarmu Baba Tabawa ce, 'yar wajen Yargoje, doguwar mace mai murya kamar ta namiji. Mutanen gidansu masu addinin gargajiya ne, ita kuma ta shiga coci tun tana budurwa, amma in azumi ya zo ita ke riga kowa tashi dafa wa yara sahur. Ita ta koya mini komai, har yadda ake riƙe muciya. Itace kuwa masu jakuna ke kawo mana daga wajen Tafoki sau biyu a mako, marke da kirya da sabara, mu tara a gindin bango.

Ranar wata Laraba ruwa ya sauko, irin mai laushin nan, ba tsawa ba iska. Muka ce alhamdu lillahi, gero zai sha. Alhamis bai ɗauke ba. Juma'a ma haka. Rafin da ke tsakaninmu da Tafoki ya cika ya batse, jaki ba ya ratsawa, mutum ma sai mai ƙarar kwana. Itacen gindin bango kuwa feshi ya jiƙa shi sharkaf, in ka ɗaga guda ruwa ke ɗiga ta gindinsa.

Ga yadda ranarmu take. Da na idar da sallar asuba sai in lulluɓa da buhu in keta caɓi zuwa kicin. Abu na farko, a tone toka a nemo garwashin da muka binne jiya. In an samu guda mai rai, to ranar da sauƙi. Baba Tabawa ta faskara itace ta ciro tsakiyarsa, inda ruwa bai kai ba, ta fere shi siri-siri kamar tsinken tsire. Ni kuma in kifa ciki a ƙasa mai sanyi in yi ta hurawa. Itacen ya yi ta tsiii, kumfa na fita ta bakinsa, farin hayaƙi mai kauri ya cika rumfar ya ƙi fita. Hawaye, majina, tari. In na ɗago kai sai ta daka mini tsawa: "Mi kike kallo? Hura hwa, ɗiyata! Ɗiyan mutane na can da yunwa." In wutar ta kama, sai mu jera itacen gobe kewaye da murhu ya sha ɗumi, mu kuma mu rasa wurin tsayawa.

Kokon da ake sha da safe ya koma azahar. Tuwon rana ya koma bayan la'asar, na dare kuwa aka daina maganarsa. Wake muka zuba masa kanwa har ya yi ja don ya nuna da wuri, ya ƙi. Yara suka ci shi da ƙarfinsa, ciki ya yi ta murɗa. Ba na manta su, jere a barandar aji da kwanukansu, riguna a jiƙe, ba hayaniya ba wasa, sun zuba wa rumfarmu ido. Gara a ce zaginmu suke yi. Wata 'yar aji ɗaya ta zo ta tsaya a bayana ta ce, "Inna, ko ruwan zafi ne a ba ni." Ga masara cike da sito, ga gero, ga manja, amma ba wutar da za ta mai da su abinci.

Kwana na shida muka fara cin makarantar da kanta. Karyayyun bencina, ƙyauren tsohon sito, muciyar da ta tsage, duk suka shiga murhu. Manyan ɗalibai suka bi gidajen malamai suna karɓo totuwar masara da karan da ke ƙarƙashin rumbu. Baba Tabawa ta je ɗakinta ta ɗauko gadonta na kara a ka, ta kakkarya shi a gabanmu, ta ce ƙasa ma wurin kwana ce. Da gadon nan muka yi talgen ranar.

Kwana na takwas babu sauran abin ƙonawa. Sai ta ja ni gefe ta ce, "A garinmu in itace ya yanke, busasshen kashin shanu muke sawa. Tahi turken mai gadi, akwai shi ƙarƙashin rumfa." Na je na ciko buhu biyu a ɓoye. Ya ci wuta kuwa, tuwo ya nuna lafiya lau. Amma hayaƙinsa ya shiga tukunya, ya shiga miyar kuka, ya shiga zannuwanmu. Yaran da suka wuni da yunwa suka kai loma ɗaya suka ajiye. Wata ta ce, "Tuwon turke!" Shi ke nan, ɗakin cin abinci ya ɗauka. Aka kwashi tuwo tasa-tasa aka zubar, cikin wannan hali. Shugabar makaranta ta lokacin ta kira mu ofis ta wanke mu tas, ta ce mana ƙazamai. Ni kuwa, ashe an gan ni da buhu. Na shekara ana kirana Inna Turke a bayan idona. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba, na yi kuka har kaina ya yi ciwo.

Rana ta fito a kwana na goma. Muka baje itace a filin ƙwallo, yara suka baje katifu, ƙasa na tururi. Da la'asar sai ga jakunan Tafoki, taɓo har ciki, muka tare su kamar masu dawowa daga Makka. Marka ta wuce, amma ta bar wa Baba Tabawa jan idon da bai ƙara washewa ba. Shekara ta bi shekara, ta koma gane tukunya da lalube, har ranar da ta zuba garin tuwo a tukunyar miya. Aka sallame ta. Ta ƙarasa kwanakinta a Yargoje, jika na ja mata sanda. Da likita ya ce mini ɗan jagora, ita na gani.

To wanda ya sha wannan, yaya ba zai yi wa Tumbi guɗa ba? Balle yanzu da daji ya zama abin da ya zama, masu itace ba sa shiga nesa, ɗan abin da suke kawowa ma ɗanye ne. Watan farko kamar a mafarki. Ruwa ya tafasa kafin ka gama tankaɗe. Gindin tukunya fes, ba baƙi. In koma gida zanena ba warin hayaƙi, har jikata ta shinshina ni ta ce ko na bar aiki ne. Liman ma da aka tambaya ya ce kashin dabbar da ake ci ba najasa ba ne, kowa ya ci tuwonsa da bismilla. Na ɗauki ciyar da Tumbi a kaina, ban bar wa kowa ba. Kowace safiya amalanken shanu ya kawo kashi daga rugar da ke kusa, ni kaɗai ke dama shi in ɗura.

Sai dai wani abu na cina a rai. Inda ake juye kashin bai fi taku ashirin da ɗakin cin abinci ba. Da ruwa ya fara sauka sosai, wurin ya soma tashi, ƙudaje suka samu gida. Wata rana na ga 'yan mata biyu sun wuce suna toshe hanci suna ƙyalƙyala dariya. Na ce a raina, Delu, tuwon turke zai dawo, kuma a kanki. To macen ƙwarai me take yi wa abu mai wari? Toka mana! Ita muke zuba wa masai, ita muke zuba wa kashin kaji, tun kaka da kakanni. Ga ta kuwa tsibi guda a bayan kicin, ta shekara da shekaru, ba mai so. Na shiga zuba wa kashin nan toka, tasa uku, tasa huɗu, kullum kafin in dama. Wari ya kwanta, ƙudaje suka watse. Har yaba wa kaina nake. Ban gaya wa kowa ba, don a ganina ba abin faɗa ba ne.

Bayan mako biyu wuta ta fara ƙanƙancewa. Da tana lasar gefen tukunya, ta koma kamar ta aci-balbal. Ranar wata Litinin na murɗa makunni, na ƙyasta ashana, na ƙyasta, na ƙyasta, har kwali ya kusa ƙarewa. Shiru. Asabe ta ce, "Yau saniya ta ƙi gyatsa." Ba wanda ya yi dariya. Aka share tsofaffin murahu aka nemo itace. Hajiya ta zo da kanta ta tsaya a ƙofa ta ce, "Inna Delu, muddin akwai hayaƙi, ƙafarki kada ta shiga nan. Ki je sito ki tsince wake." Na zauna a sito da faifai a cinya, ina jin tarin Asabe ta bango, ina kallon gabas na haɗa hadari. Ba wanda ya yi mini zancen takarda, amma na san saura sa hannu kawai.

Malam Lawal ya zo washegari a kan babur, taɓo har gwiwa. Ya bi bututu, ba yoyo. Ya duba makunni, lafiya. Sai ya zura doguwar gora ta bakin Tumbi, ya zaro, ya murza abin da ya manne tsakanin yatsunsa. Ya juyo wajenmu.

"Wa ke dama masa abinci?"

Na ce, "Ni ce."

"Inna, ban da kashi da ruwa, akwai abin da ke shiga?"

Wallahi da na ce babu, ba mai ƙaryata ni, don ba wanda ya gani. Zuciya ta ce yi shiru, a ɗora wa sanyin damina. Amma in na yi shiru zai tafi yana neman ciwon inda ba ya nan, ni kuma in tafi gida. Na ce, "Toka. Don wari."

Ya dafe kai. "Toka! Kamar nawa?"

"Tasa uku. Wata rana huɗu."

Asabe ta tafa hannu. "Ashe shi ya sa tsibin nan ke ramewa! Ni na ɗauka masu gona ke ɗiba."

Ga Hajiya tsaye, ga sauran ma'aikata. Na so ƙasa ta tsage in shige. Sai kawai Malam Lawal ya fashe da dariya har yana riƙe ciki. Ya ce, "Inna, laifina ne. Na hana ruwan sabulu, na hana kananzir, na hana yashi, ban taɓa kawo toka a raina ba. Ke in kika ɗura wa saniyarki toka tasa huɗu kullum, za ta yi tuƙa?" Na ce ba za ta yi ba. Ya ce akwai wasu ƙananan halittu a ciki da ido ba ya gani, su ke yin aikin. Tokar ta kashe na kashewa, ta danne sauran. Hajiya ta ce, "Zai tashi?" Ya ce, "Ina sa rai, Hajiya. Amma ga marka ta kawo kai, su kuma ba sa son sanyi. Ba zan yi alkawari ba."

Aiki ya tashi. Kwana biyu ana kwasar abin da ya daskare a gindin Tumbi da bokiti, mu da masu gadi da malamin noma, kowa ya yi dumu-dumu, aka kai gonar makaranta. Malam Lawal ya je mahauta ya samo abin cikin shanun da aka yanka da safe, da ɗuminsa, ya ce shi ne iri. Nan na gane zancen. Na ce, "Wato kamar yadda ake zuba tsohon nono a sabuwar madara ta kwana ta yi kindirmo?" Ya ce, "Shi ke nan, Inna, kin gama karatun." Na ce to in haka ne ai ba a barin ƙwaryar nono a sanyi. Na sa aka kwaso tsofaffin zana da buhuna da ciyawa, muka lulluɓe kan Tumbi ruf kamar ana rufe daddawa. Ruwan damu ma na hana a ɗebo na rijiya kai tsaye, sai an surka shi ya yi ɗumi. Kashin kuwa aka yi masa 'yar rumfa can nesa da ɗakin cin abinci, aka sa masa murfi, wari ya ƙare ba da toka ba.

Sai jira. Marka ta sauka kuwa, irin waccan sak, mai laushi, ba tsawa. Ɗanyen itace na tsiii a kicin, Asabe na fitowa da jajayen idanu tana harara ta, ni ina sito ina tsintar wake har na fara zubar da wanda ba shi da laifi. Kowace asuba, kafin a hura itace, in lallaɓa in kara kunne a jikin bututu. Kwana bakwai ba labari. Kwana na tara na gwada, wuta ta yi fuf ta mutu. Ranar ban iya cin abinci ba. Na ce ya Allah, da hannuna na yi, amma kada Ka kama ni da wautata.

Yau kwana goma sha biyu. Na fito bayan sallar asuba, ruwa na ta tsiyaya, na riga kowa isa. Ashana ta farko ta karye. Ta biyu ta kama. Na murɗa makunni.

Fuu!

Jama'a! Shuɗiya shar, ta zagaye gindin tukunya tana lasar gefe, har da 'yar ƙararta. Na kunna murhu na biyu, ya kama. Na uku, ya kama. Na tsaya ina jiran ta mutu, ta ƙi. Asabe ta shigo rungume da jiƙaƙƙen itace, ta gani, ta watsar da shi a ƙofa ta kama rawa, ni ina kaɗa mata murfin tukunya da ludayi. Ruwa ya tafasa, muka dama koko, ƙosai ya soyu. Aka buga ƙararrawa, yara suka fito daga ɗakin kwana da buhuna a ka, suka tarar da bokitan koko na tururi suna jiransu. A tsakiyar marka! Wata ta ce, "Inna, yau lafiya?" Na ce, "Ke dai miƙo kofi."

Na wanke hannu na keta ruwa zuwa ofis, ko sallama ban gama ba na faɗa. Hajiya ta ɗago kai, kofin koko na gabanta.

"Na ji labari tun daga nan, Inna Delu. Amma fa damina ba ta ƙare ba tukuna."

"Hajiya, abin da ya ci marka ai ya ci damina. Ba ni takardata."

Ta dube ni, sannan ta jawo aljihun tebur ta miƙo mini. Na ninke ta na soke a gefen zane.

Ta ce, "To ke yaushe za ki huta?"

Na ce, "Hajiya, ai tun ƙarfe bakwai nake hutawa. Ban ma san yadda ake yinsa ba."